Tsufa Ne Ya Zaunar Da Mu, Ko Mu Muka Zauna?



Shekaru masu dama ke nan muna riƙe da alƙalami a zauren dattijon da jama'armu ke kai wa kukansu, kuma kusan duk takardar neman taimako ta hannunmu take bi. A da, abin da ya fi kawo mutane shi ne baƙon da kuɗin mota ya yanke masa, ko marainiyar da za a aurar, ko gawar da ba ta da mai yi mata sutura. Yanzu takardun sun sauya kama. Wannan kuɗin maganin hawan jini yake nema, wancan ciwon sukari ya ci masa ƙafa, wani kuma an wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, iyalinsa na neman keken da za a riƙa tura shi. Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne yawancinsu tsararrakinmu ne, 'yan hamsin da ɗoriya, waɗanda muka yi langa da kokawa tare da su bayan an tashi daga makarantar allo. Duk sa'ad da aka karanta irin wannan takarda, sai zaure ya ɗauka baki ɗaya: tsufa ne, Allah ya sa mu gama lafiya. Mun daɗe muna cewa amin, amma zuciyarmu ta ƙi kwanciya da wannan hukunci.

Kwanakin baya wani abokinmu ya zo gaisuwa. A ƙuruciyarsa babu wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa a dandalin unguwarmu, daga baya Allah ya buɗa masa ya zama mai motoci. Gidansa bai kai taku ɗari uku daga zauren ba, amma a bayan zem ya zo. Da aka gama gaisawa ya yunƙura zai tashi daga tabarma, gwiwa ta ƙi. Wanda ya miƙa masa hannu ya ɗaga shi wani dattijo ne da ya girme shi da shekara goma sha wani abu, mai tallar goro, wanda kullum yake zagaya kasuwar Arzeke da ƙafa, faifansa a hannu. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce tsufa ba ya sallama. Mu kuwa muka ce a ranmu, in tsufa ne kaɗai, ai mai goron ya kamata a ɗaga.

Ra'ayinmu shi ne, abin da muke kira tsufa a zango kashi biyu ne. Akwai wanda Allah ya hukunta, babu mai kauce masa. Akwai kuma wanda muka saya da kuɗinmu, muka ɗauko shi a kan babur, muka shimfiɗa masa kujera mai taushi. Na farkon haƙuri ake yi da shi. Na biyun kuwa za a tambaye mu a kansa, domin jiki amana ne.

Bari mu fara ba tsufa haƙƙinsa, kada a ce mun musanta abin da ke bayyane. A aya ta 54 ta Suratur Rum, Allah ya ba mu labarin cewa cikin rauni ya halicce mu, sa'an nan ya ba mu ƙarfi, sa'an nan ya mayar da mu ga rauni da furfura. Hadisi ma ya tabbatar da cewa kowace cuta an saukar mata da magani in ban da tsufa. Abin da likitoci suka auna bai saɓa wa wannan ba. Suna da wani ƙiyasi na iyakar bugun da zuciya ke iya yi a minti ɗaya in aiki ya yi tsanani: a cire shekarun mutum daga 220. Saurayi ɗan shekara 20 zuciyarsa na iya kaiwa wajen bugu 200, ɗan 55 kuwa wajen 165. Ke nan ko da su biyun sun yi niyya ɗaya, injin da ke tura jini a ƙirjinsu ba ɗaya ba ne. Haka kuma yawan iskar da jiki ke iya sha ya sarrafa lokacin gudu yana raguwa da wajen kashi 10 cikin 100 a kowace shekara goma, da zarar an wuce talatin, ga wanda ba ya motsa jiki. Tsoka ita ma tana zagwanyewa, tsakanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a shekara goma, kuma bayan sittin abin yana ƙara sauri.

Akwai wani bayani da duk tsohon ɗan kokawa zai gane shi tun kafin a ƙarasa. Tsokar mutum zare-zare ce, kuma zaren iri biyu ne. Akwai na zafin nama, wanda ake fizga da tsalle da kai naushi da shi. Akwai na juriya, wanda ke ɗaukar doguwar tafiya da aikin yini. Na zafin naman shi tsufa ke fara ci. Shi ya sa mutum zai ga kamun da ya dace, hankalinsa ya riga ya kayar da abokin karawa, amma kafin hannu ya isa wurin yaron ya zame. Ga kuma jijiyoyin gaɓɓai da ke ƙara tauri, ga targaɗen da a da yake warkewa cikin kwana uku yanzu sai ya ci wata.

In muka dubi manyan 'yan wasan duniya za mu ga wannan tsari a fili. Usain Bolt na Jamaika ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Balin na Jamus a 2009, yana da shekara 22, kuma a 2017 ya ajiye takalmi, domin sana'arsa ta zafin nama ce zalla. Amma Eliud Kipchoge na Kenya, mai gudun fanfalaki na kilomita 42, yana da shekara 37 ya kafa tarihin duniya a wannan birni a 2022, cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9. Roger Milla na Kamaru ya ci ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya ta 1990 yana da shekara 38, ya sake zura wa Rasha ɗaya a 1994 yana da 42, amma kowa ya san sau da yawa daga benci ake sako shi, in ƙafafun samari sun fara nauyi, ya yi aiki da ido da sanin inda ƙwallo za ta faɗo. Mai tsaron gidan Masar, Essam El-Hadary, ya tare bugun fenariti a gasar 2018 yana da shekara 45. Mu nan gida ba mu manta da 2019 ba, lokacin da ƙungiyar ƙasarmu ta fitar da Maroko a gasar Afirka da aka yi a Masar, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, kyaftin ɗinta Stéphane Sessègnon yana da shekara 35. Darasin ɗaya ne: sauri ke fara tafiya, juriya ta daɗe tana bin mai ita, dabara kuwa ƙaruwa take yi. Wani Baturen Kanada, Ed Whitlock, ya gama gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa uku a 2004 yana da shekara 73. Ba mu ce kowa zai iya haka ba. Mun kawo shi ne don a ga inda katangar take, a kuma ga nisan da ke tsakaninta da inda muka zauna.

To, in tsufa ya ɗauki nasa kaso, wa ya ɗauki sauran? A 1966, a birnin Dalas na Amurka, masu bincike suka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20, lafiyayyu, a kan gado har mako uku, ba tashi ba tafiya. Da aka auna su bayan nan, ƙarfin zuciya da numfashinsu ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30, a 1996, aka sake nemo mutanen nan biyar, sun yi furfura sun yi teɓa, aka sake auna su. Sai aka tarar kwanciyar mako uku ta fi shekara talatin yi musu ɓarna. Daga nan aka sa su tafiya da sassarfa da tuƙa keke har wata shida, suka koma matsayin da suke kafin a kwantar da su suna samari. Jama'a, a sake karanta wannan da kyau, domin gadon da aka kwantar da samarin nan ɗan uwan kujerar shagonmu ne, bambancin kawai su mako uku suka yi, mu kuwa muna shekara ta ashirin.

Tun kafin wannan, a 1953, wani likita a Landan mai suna Jerry Morris ya kwatanta direbobin manyan motocin haya masu hawa biyu da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, gari ɗaya. Direba na zaune yini guda, kwandasta na hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi kashe su farat ɗaya. Wa ya fi mu bukatar jin wannan labari? Tun da jirgin ƙasa ya iso Paraku daga Kwatano a 1936, garin nan ya zama wurin sauke kaya da loda su a manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya da cikin Nijar, kuma da yawa daga gidajenmu da sitiyari aka gina su. Mun san yadda tsanin yake: yaro ya fara da yaron mota, yana hawa yana ɗaure tamfol, jikinsa kamar ƙarfe, ya zama direba, ya zauna, ya zama mai mota, ya ƙara zama, ranar da aka fara kiransa Alhaji kuwa, ko butar alwalarsa wani ke ɗauko masa. Arziki na hawa, ƙafa na mutuwa.

Kada wanda ya riga ya manyanta ya ce ai shi jirgi ya bar shi a tasha. A 1990 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka. Mutum goma ne, ƙaraminsu na da shekara 86, babbansu 96. Aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa, kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, har mako takwas. Tara da suka kai ƙarshe, ƙarfin ƙafarsu ya kusa ninkawa uku, har biyu daga cikinsu suka ajiye sanda. Ashe tsoka ba ta san ritaya ba. In an kira ta tana amsawa ko a shekara casa'in, in an ƙyale ta tana tafiya ko a shekara talatin.

Abin kunyar shi ne mu jikokin matafiya ne. Me ya kawo Bahaushe Jugu, wadda kakanninmu suka sani da Zugu? Fataucin goro ne. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratso ƙasar Bargu ta Nikki, ya yada zango a nan, sa'an nan ya miƙa Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, da jakuna da takarkarai da kaya a ka. Baturen Ingila Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata. Kalmar zango kanta, da muke kiran unguwanninmu da ita, ma'anarta wurin da matafiyi ke sauke kaya ya huta kafin ya ci gaba. Madugu kuwa ba a ba yaro, sai wanda ya ga jiya ya ga yau, kuma tare da ayarinsa yake cin hanya. Ba mu ce zamaninsu ya fi namu daɗi ba. Da yawansu zazzaɓi da ƙurkunu da 'yan fashi sun kashe su tun ba su yi furfura ba, kuma babu mai hankalin da zai yi fatan komawa can. Amma wanda Allah ya ja kwanansa a cikinsu ya tsufa da ƙafafunsa. Yau kilomita ɗari da 'yan kai da ke tsakanin Paraku da Jugu awa biyu ce a mota, alhamdu lillahi. Sai dai mun karɓi motar mun haɗa mata da abin da ba a ce mu bayar ba, har zuwa masallacin unguwa sai an tayar da babur.

A nan ne muke ganin tushen ciwon, kuma a al'adarmu yake. Mun ɗaura girma da rashin motsi. Babba ba ya sauri, babba ba ya ɗaukar kaya, babba ba ya gumi. In aka ga mai shekara hamsin yana tafiya da ƙafa a bakin titi, mutum uku za su tsaya su ce a rage masa hanya, na huɗu ya tafi yana cewa ko karayar arziki ce ta same shi. In ya rame don ya rage ciki, a fara yi masa kallon mai jinya. Teɓa ta zama shaidar wadata. Yaranmu, saboda ladabi, suna karɓe mana duk wani aikin da zai sa jini ya zagaya, mu kuma muna sa musu albarka. Ladabinsu abin yabo ne, kada su fasa. Mu ne ya kamata mu san abin da za mu miƙa da abin da za mu riƙe.

Wanda ya ce motsa jiki zubar da girma ne, sai mu tambaye shi girman wa ya kai na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A shekara ta 5 bayan hijira, yana da shekara hamsin da ɗoriya, ya shiga ramin Handaƙu yana haƙa yana jidar ƙasa tare da sahabbansa har ƙura ta rufe masa ciki. Ya kasance yana zuwa masallacin Ƙuba ranar Asabar, wani lokaci a kan abin hawa, wani lokaci da ƙafa. Ya yi tsere da Uwar Muminai A'isha sau biyu, ta tsere masa a na farko, bayan shekaru da jikinta ya yi nauyi shi ya tsere mata. A hajjin ban kwana, yana da shekara sittin da 'yan kai, ya soke raƙuma 63 da hannunsa. Sassarfar da maza ke yi a zagaye uku na farkon ɗawafi ma asalinta nuna ƙarfi ne, lokacin da mutanen Makka suka ce zazzaɓin Madina ya raunana Musulmi. Duk wannan mun karanta shi a gaban malamanmu, muna kuma karantar da shi. Yaya aka yi muka ɗauki rawani da sanda a matsayin sunna, muka bar tafiyar?

Ga kuma abin da ya fi komai taɓa mu. Mutum zai shekara ashirin yana tara kuɗin Makka, sai ya isa can ya tarar da aikin hajji aikin ƙafa ne. Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowa sau bakwai, ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa a Mina cikin zafi da cunkoso. Mun sha tarbar alhazan da suka dawo suna ba da labarin yadda aka tura su a keke, suna kallon tsofaffin wasu ƙasashe da suka girme su suna wucewa da ƙafa. A masallatanmu ma kujerun roba sai ƙaruwa suke a ƙarshen sahu. Shari'a ta yi sauƙi, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, kuma ba mu zargin kowa, domin akwai wanda haɗari ko ciwon gaɓɓai ya kai shi can ba da zaɓinsa ba. Amma duk wanda ya taɓa rasa sujada ya san abin da ya rasa. In akwai abin da za mu yi yau don goshinmu ya ci gaba da taɓa ƙasa har shekara tamanin, ashe bai cancanci rabin awa a yini ba?

Za a ce mana ajali ba ya jira, mai gudu ma yana mutuwa. Gaskiya ne, kuma ba mu yi wa kowa alkawarin ƙarin kwana ba. Maganarmu a kan yadda za a yi kwanakin ne: a tsaye, mutum na kai kansa bayan gida, ko a kwance, matarsa da 'ya'yansa mata na juya shi shekara biyar. Mu da ke karanta takardun mun san abin da doguwar jinya ke yi wa gida. Tana cinye jari, tana fitar da yara daga makaranta, tana tsufar da matar da ke jinyar kafin lokacinta.

Za a kuma ce ba kowa ne ke zaune ba, kuma wannan gyara ne mai kyau. Akwai 'yan dako a tasha da kasuwa, akwai mahauta, akwai masu tura ruwa, akwai iyayenmu mata masu daka da surfe da dakon itace, waɗanda aiki ya ci musu baya da gwiwa. Waɗannan ba za mu ce su ƙara wahala ba. Abin da jikinsu ke nema shi ne a rage musu nauyin kaya in shekaru sun ja, su sami barci, su sami abinci mai gina tsoka. Tsoho ya fi saurayi bukatar wake da ƙwai da kifi da nono da awara da wagashin da Fulanin ƙasar nan suka ƙware a kai, amma a gidajenmu sau da yawa koko da tuwo ake tura masa, a ce haƙoransa ba sa son wahala. Mai zaman shago kuma, wanda ke danna sakwara da rana ya bi ta da shayi mai sukari zagaye uku, nasa gyaran daban ne.

Akwai kuma ɗaya gefen, wato gwanin da ya ƙi yarda rana ta yi yamma. Mun ga George Foreman ya karɓi kambun damben duniya a 1994 yana da shekara 45, amma mun kuma ga dukan da Muhammad Ali ya sha a hannun Larry Holmes a 1980 yana da 38, abin da masoyansa har yau ba sa son tunawa. Kiɗa na da daɗi. Duk wanda ya taɓa jin yadda Ɗan Anace ke zuga Shago ya san kalangu na iya sa mai furfura ya manta shekarunsa. Amma naushi a ka ba ya tambayar tarihin mutum, kuma ƙashin ɗan hamsin in ya karye ba ya ɗoruwa kamar na yaro. Mafi muni shi ne wanda ke neman dawo da ƙarfin jiya da ƙwaya, ko tiramol ko haɗe-haɗen da ake tallarsu a tasha, ya kashe ƙodarsa don tafin minti biyar. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A Nijar, tun da aka fara kokawar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, har zuwa zamanin Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobin sau shida, babu gwanin da fili bai sallama ba daga ƙarshe. Waɗanda suka yi dace su ne suka koma gefen fili suna koya wa na baya kamu. Mu ma muna da irinsu a Paraku da Jugu, tsofaffin 'yan kokawa da 'yan dambe da waɗanda suka taɓa buga ƙwallo, suna zaune a bakin shaguna ba mai tambayarsu komai, alhali yaranmu na can suna kallon Buffles da Panthères, suna mafarkin fili, ba su da mai nuna musu yadda ake faɗuwa ba a karye ba.

To me muke roƙo? Abu ne da ba ya cin ko dala. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa sau biyar, ya ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, wanda ya kai 65 kuma ya riƙa gwada abin da ke daidaita tsayuwa don gudun faɗuwa. Matsakaici shi ne tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma numfashinka ya ɗan ɗaga. Muna roƙon jama'ar kowane masallaci su ware rabin awa bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, su taka tare, da jallabiyarsu da carbinsu, ba sai an sa gajeren wando ba. In liman da mai unguwa suka shige gaba, bakin masu cewa karayar arziki ce zai mutu a mako guda. Duk inda bai kai tafiyar minti goma sha biyar ba, a bar babur ya huta. A gida, mutum ya zauna a kujera ya tashi sau goma ba tare da dafa komai ba, safe da yamma. Ya dafa bango ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ya ɗauki butarsa da kansa.

Iyayenmu mata da matanmu su ne aka fi mantawa, alhali bayan ɗaukewar al'ada ƙashinsu na saurin yin rauni, kuma karayar ƙugu a tsufa sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi. Wadda 'ya'ya da surukai suka karɓe mata aiki duka, aka ce Hajiya ta huta, a sani ba gata kaɗai aka yi mata ba. Makarantun islamiyya na mata suna da fili da katanga. Me zai hana a ba su rabin awa kafin darasi, su zagaya, su miƙe gaɓɓai a tsakaninsu, cikin sutura da mutunci? Maigidan da ya hana, a tuna masa da tseren Uwar Muminai.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma muna jaddada shi. Wanda ya daɗe bai motsa ba, ko yake da hawan jini ko sukari, ya fara zuwa asibiti a auna shi, ya ji ta bakin likita. A fara da minti goma, a riƙa ƙarawa, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take ya nemi likita, kada ya ce jarumta zai yi.

Kowace shekara a watan Fabrairu ana gudun fanfalaki a titunan Paraku, wanda limaman Katolika suka assasa, kuma akwai gajerun zango ga wanda bai iya dogon ba. Mukan tsaya a bakin hanya muna kallo, mu ga masu furfura a cikin masu gudun, mu yi musu dariya, mu ce me tsoho ke nema. Mun yi wannan dariyar mu ma, kuma a zaune muka yi ta, domin aikin alƙalami bai bar mu da abin da za mu yi wa kowa gori ba. Mun fara fita bayan asuba makonni kaɗan da suka wuce, mu uku, har da abokin nan namu mai motoci, wanda a ranar farko sai da ya huta sau biyu kafin mu kai bakin babban titi. Jiya bai huta ba. Muna tashi daga ƙofar zaure da an shafa addu'a, kuma hanyar na da faɗi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu da suka tako ƙasar nan da ƙafafunsu, ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin muna raye.